Darasi: Tukuici a otel da wajen masu hidima

Kowa a karkara ya san tukuici. In aka aiko yaro da tuwon salla, ba a sallamar shi hannu banza. In hakimi ya aiko ma mutum da riga, wanda ya kawo ta yana da nashi rabo. Tukuici ba kuɗin kaya ba ne. Godiya ce ga wanda ya sha tafiya.

A birni ma akwai shi. A otel na Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, baƙo yakan miƙa ɗan wani abu ga wanda ya ɗaukar mashi kaya, ko ya share mashi ɗaki, ko ya kawo mashi abinci. Da faransanci ana ce mashi purbuwar. Zancen ya shafi mutanen ƙauye. Wasu suna sauka otel in za su hajji, ko in an kira su taro. Wasu kuma, su ne suka fi yawa, ƴaƴansu ne ke aikin can lokacin cin rani: masu gadi, masu wanki, ƴan dako.

Kuɗin ɗaki daban, tukuici daban. Kuɗin ɗaki na mai otel ne. Ana biyan shi wajen mai karɓar baƙi, a amshi takardar shaida. Tukuici na ma'aikaci ne, kuma ba dole ba ne. A Nijar babu dokar da ta tsaida yawan shi.

Amma a duba albashin waɗannan mutane. A 2012 gwamnati ta tsaida mafi ƙarancin albashi 30.047 F a wata. Daga baya aka kai shi 42.000 F, wato jikka 42. In aka raba jikka 42 gida 30, kowace rana ta tashi 1.400 F. Ke nan wanda aka ba dala ɗari, wato 500 F, ya samu fiye da kashi ɗaya cikin uku na ladan yinin shi. Ga baƙo ƙila kuɗin shayi ne. Ga mai shara kuwa cefane ne.

Nawa ya kamata a ba? Gwargwadon aljihu da gwargwadon wahala. Ɗan dako da ya hau bene da jaka mai nauyi ya cancanci dala ashirin ko dala hamsin. Wadda ta yi kwana uku tana gyara ɗaki ta fi shi. Sau da yawa ita ce ake mantawa, don ba a ganin ta lokacin da take aikin. Wanda ba shi da ko dala ya yi godiya da baki, babu kunya a ciki.

Ana badawa bayan an gama aiki. Ana miƙawa da hannun dama, ba tare da shela ba. Ba a jefa kuɗi bisa tebur. Mai hankali yakan nemi canji tun kafin ya shiga, don kar a tsaya neman shi gaban mutane. Kuma ya fi kyau a sa kuɗin cikin hannun mai shi. Kuɗin da aka bari cikin ɗaki ba tare da magana ba, suna sa ma'aikaci cikin ruɗu. In ya ɗauka, ana iya ce mashi ɓarawo.

Ko wace ƙasa da al'adarta. A Faransa kuɗin hidima suna cikin takardar abinci, ƙari ganin dama ne. A Amurka ana jiran kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin abinci, wanda bai ba ba ya yi rowa. A Japan ba a saba da shi ba sam.

To, ga ɗan cin rani da ya samu aikin otel fa? Kar ya roƙa. Kar ya tsaya bakin ƙofa yana kallon aljihun baƙo. Kar ya auna hidima da kyan riga, don mai tsohuwar riga shi ma ya biya ɗaki. Ranar farko ya tambayi shugaban aiki yadda ake yi, saboda a wasu wurare ana tara tukuici wuri guda a raba da masu dahuwa da masu wankin kwano.

Ga misali. Yaro yana gyaran gado, sai ya tsinci takardar jikka biyar ƙarƙashin matashi. Wannan ba tukuici ba ne, mantuwa ce. Sai ya kai ta wajen shugaba nan take, gaban shaida. In ya sa aljihu, baƙo ya komo nema, aiki ya tafi. Wani lokaci har wajen ƴan sanda. Kuma gobe ba za a so ɗaukar wani ɗan garin nasu ba.

Akwai abin da ke kama da tukuici, amma ba shi ba ne. Ma'aikacin gwamnati da ya ce sai an ba shi goro kafin ya sa hannu ga takardar haihuwa, cin hanci yake nema. Haka ma a gidan likita. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Uwa ba ta da wani goro da za ta biya kafin a duba ɗanta. Tukuici yana zuwa bayan aiki, da son ran mai badawa. Hanci yana zuwa kafin aiki, kuma in babu shi ƙofa a rufe take. Doka tana hukunta mai karɓa da mai badawa.

Aikin allo

1. Baƙo ya ci abinci na 3.000 F. Ya ba da kashi 10 cikin 100. Kuɗi nawa ke nan? Dala nawa ne?

2. Ma'aikata 4 sun tara tukuici 2.600 F. Nawa kowa zai samu?

3. Wane bambanci ke tsakanin tukuici da cin hanci? Kowa ya rubuta layi biyu.