Darasi: Dunƙulen Kwakwa da Lemun Tsami Mai Ƙarancin Sukari

Wannan darasi a kan sana'ar da nake yi ne da hannuna, kuma zan faɗa muku har da inda na yi asara, don kada wata ta taka inda na zame.

Shekara da shekaru sana'ata kwakumeti ce da alewar madara. Duk ƙarshen wata ƙungiyarmu kan tura mutum biyu Kano sayayya, sau da yawa har da ni. Mukan sauka a Kasuwar Singa, wadda ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, inda ake sarin sukari da fulawa da madara da man girki da taliya, buhu-buhu da katan-katan. Mukan haɗa kuɗi mu sayi buhun sukari mai kilo 50, mu dawo gida mu raba da kwano. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, sukari ma ya tashi, har ya zama rabin buhu muke iya ɗauka.

Ana cikin haka aka auna Innata a asibiti aka ce tana da ciwon suga. Likita ya hana ta kayan zaƙi, ga shi kuma a gabanta nake soya kwakumeti, ƙamshi ya cika gida. Wata rana na kama ta tana tsintar na ƙasan kasko. Ta ce, “'Yar nan, bakina ne babu daɗi.” Daga ranar na fara neman abin da zan yi da kwakwa wanda ba sai na juye masa sukari ba.

Sukari nawa ne ya yi yawa?

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da babban mutum zai sha a yini, wato wanda ake zubawa a abinci da abin sha, har da zuma da lemon kwalba, kada ya wuce kimanin giram 50. Wannan shi ne cokalin shayi 12. Ta ƙara da cewa in an rage zuwa cokali 6 ya fi alheri.

To, ki auna da namu. Gwangwanin madara ɗaya na ɗaukar sukari wajen cokali 30. Ni kuwa gwangwani biyu nake zuba wa kwakwa ɗaya in zan yi kwakumeti. Yaro ya sha koko da sukari da safe, ya sayi alewa a makaranta, da yamma ya ƙara da kwakumeti. Kin ga kafin magariba ya wuce ma'aunin babba, haƙoransa kuma su ne ke fara biya.

A wannan dunƙulen, dabino ne ke ba da zaƙi. Amma in gaya muku gaskiya, dabino ma sukari ne da shi, wajen kashi biyu cikin uku na nauyin busasshe. Amfaninsa shi ne yana zuwa da ɓawonsa da namansa, yana riƙe ciki, kuma kaɗan ya isa. Dabino 30 da nake sa wa kwakwa ɗaya, zaƙinsu kusan rabin abin da nake zubawa ne a da. Don haka sunansa mai ƙarancin sukari. Kada wata ta tallata shi da sunan maganin ciwon suga. Mai ciwon ta tambayi ma'aikacin lafiya ko za ta iya ci, kuma guda nawa. Inna da muka tambaya, guda ɗaya aka yarje mata, bayan ta ci abinci.

Kayan haɗi, na dunƙule 30

Kwakwa babba 1, wadda ta ƙosa
Busasshen dabino guda 30
Soyayyar gyaɗa gwangwani 1, a murje ɓawon
Lemun tsami 2, masu ɗanyen ɓawo
Garin citta rabin cokalin shayi
Gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka

Ki riƙe wannan ƙa'ida: dabino ɗaya, dunƙule ɗaya. In za ki ninka, ki ninka komai daidai.

Wajen saye

Singa ta kayan buhu da katan ce. Ɗanyen kaya kamar kwakwa da lemun tsami, mukan ƙarasa 'Yankura da ke nan kusa, ko kuma 'Yan Lemo ta Na'ibawa in hanyar Zariya za mu bi. Leda da robobi masu murfi, a Kasuwar Sabon Gari muke saye. Tun a gida ake rubuta abin da kowa ke so, a tafi da takardar.

Kwakwa daga kudu take zuwa, irin su Badagiri ta Jihar Legas, ta sha hanya kafin ta iso mu. Ki ɗaga ki ji nauyinta, ki girgiza a kunne. In ba ki ji ruwa na motsi ba, ki ajiye. Ki duba idanunta uku, kada su kasance da laima ko fumfuna. Dabino kuwa ki ce a ba ki ɗaya ki ɓare, don wani a waje lafiya lau, ciki kuwa ƙwaro ya riga ya ci. Gyaɗa ki baza a faifai ki tsince duk wadda ta yi baƙi, ta yamushe ko ta yi fumfuna. Gubar da ke cikin irin wannan gyaɗar tana cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Araha dai ba ta ado.

Yadda ake yi

1. Ki wanke hannu da sabulu. Turmi da taɓarya da kasko da faranti duk su bushe ƙayau, kuma kada ki ɗauki turmin da ake dakan yaji.

2. Ki fasa kwakwar, ki ɓanɓare naman, ki kankare baƙin bayan, ki wanke, sannan ki goge da magogi ta wajen ƙananan ƙofofi.

3. Ki zuba a kasko ba mai ba ruwa, a kan wuta kaɗan, garwashi ya fi. Ki yi ta juyawa wajen minti 20, har ta fara ja kaɗan, ta yi warawara. Ki ɗebo ki matse a tafin hannu. In ta dunƙule, da saura. In ta watse kamar tsaki, ta yi. Ki baza a tire ta huce sarai, ki ware rabin gwangwani a gefe.

4. Ki cire ƙwallon dabino, ki ɗauraye, ki turara a madambaci minti 10 zuwa 15 har ya yi laushi. Kada ki jiƙa shi a ruwa. Ki bar shi ya sha iska.

5. Ki wanke lemun tsami, ki goge koren bayan kawai. Farin da ke ƙarƙashi ɗaci gare shi. A nan ƙamshin yake. Sannan ki matse ruwan, ki tace, ki auni babban cokali ɗaya.

6. Ki daka gyaɗa ta yi laushi, ki zuba dabino ki ci gaba da daka har su kama juna. Ki zuba kwakwa kaɗan-kaɗan, da citta da gishiri da gogaggen ɓawon lemun. Ruwan lemun shi ne na ƙarshe.

7. Ki gutsuro kamar girman goro, ki matse sosai, ki mulmula kamar za ki cura fura, ki birkiɗa a cikin kwakwar da kika ware. In yana wargajewa, ki ƙara daka, ko ki ƙara dabino biyu. Kada ki ƙara ruwa.

8. Ki jera a tire, ki rufe da tsabtataccen ƙyalle, ya sha iska kamar awa ɗaya kafin ki ƙulla.

Inda na yi asara

Da na gwada a gida aka yaba, sai na ɗauki rance daga akwatin ƙungiya na sayi kwakwa 10 lokaci guda. Damina ce. Don sauri sai na jiƙa dabinon a ruwa, kwakwar ma ban bari ta bushe ba, na ƙulla a leda da ɗuminsa. Kwana biyu tsakani na buɗe roba, tsami ya buge ni, wasu har sun yi farin gashi. Duka na zubar. Ranar zubi na zauna a gaban mata ban da abin sa wa a akwati. Ma'ajinmu ta ce, “Yaya, faɗa mana abin da ya faru, ba dariya za a yi miki ba.” Aka ɗaga mini ƙafa, sai da na sayar da kaji uku na cike kuɗin.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, sukarin nan mai yawa shi ke tsare kwakumeti daga lalacewa, don yana janye laima. Da kin rage shi, kin cire mai gadin. Abin da zai maye gurbinsa shi ne bushewa da tsabta da yin kaɗan-kaɗan. A gwajina, in babu firji, da zafi ko damina kwana biyu ne iyakarsa, da hunturu yakan kai huɗu. A firji, cikin roba mai murfi, yakan yi mako. In ya canza wari ko ya yi yauƙi, a zubar, kada a ce a ba yara don gudun asara.

Lissafi kafin talla

Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, kowace ta sa farashin da ta tarar a kasuwa.

Kwakwa: N1,000
Dabino: N1,500
Gyaɗa: N400
Lemun tsami da citta: N200
Leda: N200
Gawayi: N300
Rabonki na kuɗin mota: N400
Jimla: N4,000

A wannan misali kowane dunƙule ya tashi a kan sama da N130. In kika sayar N100, hannunki zai cika da kuɗi, amma kin faɗi da N1,000. In kika ƙulla uku-uku a N500, za ki sami N5,000, ribarki N1,000. Kada ki manta da wanda yara suka ci da wanda kika ba da ɗanɗano, shi ma a rubuta.

Kin ga ke nan dabino bai fi sukari araha ba. Wannan ba abin da za a aza wa yarinya a tire ta yi gasa da alewar ƙofar makaranta ba ne. Masu sayena su ne malaman makaranta, da ma'aikatan asibitin garinmu, da masu biki ko suna da ke so a sa a cikin kayan rabo, sai kuma lokacin azumi. Yawanci sai an yi oda an ba da rabin kuɗi nake kunna wuta. Wadda ke son kai kayanta manyan kantuna da suna a jikin leda, sai ta nemi rajistar hukumar NAFDAC tukuna.

A kiyaye

Kada a ba yaron da bai kai shekara uku ba dunƙule sukutum, yana iya shaƙe shi, a marmasa masa. Ki faɗa wa mai saye akwai gyaɗa a ciki, don wasu jikinsu ba ya karɓar ta. Ga irinsu sai ki sa soyayyen riɗi. Kwakwa da gyaɗa maiƙo gare su, guda biyu sun ishi mutum a zama ɗaya.

Aikin wannan mako

Ku kasu gida uku. Kowane rukuni ya yi na kwakwa ɗaya tak, ya rubuta duk abin da ya kashe. Ku ajiye dunƙule uku a roba mai murfi, kuna dubawa kullum, ku rubuta ranar da ya fara canzawa. A zama na gaba za mu tattauna waɗannan:

1. Sukari cokali nawa yaro ke sha a gidanki daga safe zuwa dare?
2. Nawa dunƙule ɗaya ya tashi a lissafin rukuninku?
3. Su wa za su saya a garinku, kuma a wace rana?
4. In ƙungiya za ta tura mutum Singa, me ya kamata a saya da yawa, me kuma bai kamata ba?

Kada kowa ta nemi rance a kan wannan sana'a sai ta yi gwaji sau uku da kuɗinta, ta kawo wa ƙungiya takardar lissafinta.