Gyaran Gida: Wanne Ake Fara Yi, Daɓe Ko Kafa Kaya?

Tun farkon ƙarni na 20 fataucin goro da hanyar jirgin ƙasa suka jawo Hausawa zuwa Agege, har Zango ya kafu ya bunƙasa. Da yawa daga gidajen wannan unguwa, da na Idi-Araba da Obalende, sun tsufa, suna bukatar gyara. Sau da yawa idan mai gida ya tashi gyara, abin da ya fara ba shi sha'awa shi ne tayil, domin shi ido ke gani. Sai ya shimfiɗa shi, bayan mako biyu mai aikin famfo ya zo ya ce sai an fasa kafin bututu ya wuce. Ta haka kuɗin aiki ɗaya yakan zama na biyu. Wannan darasi zai nuna yadda ake jera aikin domin a kauce wa irin wannan hasara.

Ƙa'ida guda

Ƙa'idar ba ta da wuyar riƙewa. Duk abin da za a binne a ƙasa, shi ke riga daɓe. Duk abin da zai zauna a bisa, daɓe ke riga shi. Bututun ruwa da na masai da na wayar lantarki binne su ake yi, saboda haka su ne farko. Tangaran na masai, da kwamin wanke hannu, da kabad, da ƙyaure, a bisa suke zama, saboda haka su ne ƙarshe.

Mataki na ɗaya: a tsai da tsawon daɓe

Ruwan sama da ake yi a Ikko ya kusa ninka na Kano. Yakan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya sake dawowa wajen Satumba da Oktoba. Bugu da ƙari, duk sa'ad da aka gyara titi aka ɗaga shi, tsohon gida yakan koma ƙasa da hanya, ruwan kwata ya riƙa shiga zaure. Don haka wajibi ne, tun ba a zuba ko cebur ɗaya na siminti ba, magini ya tsai da inda fuskar daɓe za ta tsaya, yadda za ta fi bakin kwata tudu. Sa'an nan ya auna mita ɗaya daga nan zuwa sama, ya ja layi a bango kewaye da ɗaki. Daga wannan layi kafinta da mai famfo da mai lantarki za su ɗauki awonsu. Idan ba a yi haka ba, sai a gama tayil a tarar ƙofa ba ta buɗuwa.

Mataki na biyu: a sayi kaya, amma kada a kafa

Masai iri-iri ne. Akwai na tsuguno, akwai na zama; wani bututunsa ƙasa yake bi, wani ta bango. Nisan bakin bututu daga bango ya dogara ga irin wanda aka zaɓa. Saboda haka ya kamata a saye shi da wuri, mai famfo ya auna shi, sa'an nan a adana shi a kwalinsa.

Mataki na uku: bututu da gwaji

A shimfiɗa bututun, a ba na ƙazanta gangara zuwa rami. Kafin a rufe, a toshe bakunansu, a cika su da ruwa, a bari su kwana. Idan ruwan ya ragu, akwai yoyo. Gyaransa a wannan lokaci aikin sa'a guda ne. Bayan tayil kuwa, sai guduma.

Mataki na huɗu: aikin sama

Rufi, da silin, da filasta, da shafen fenti na farko, duka a gama su kafin tayil. Dalili kuwa shi ne, siminti yana zuba, tsani yana karce, guduma tana faɗowa daga hannun ma'aikaci. Abubuwan da ake ginawa da bulo, kamar kantar girki da mazaunin bahon wanka, su ma yanzu ake yin su. Tayil ne zai zo ya same su.

Mataki na biyar: daɓe

A daddaɓe ƙasa sosai, a shimfiɗa leda mai kauri domin ta tare damshi, sa'an nan a zuba kankare. A riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7. Cikakken ƙarfinsa kuwa a kwana 28 ake lissafa shi. A banɗaki, a karkata daɓen kaɗan wajen magudana, misalin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowace mita. A shimfiɗa tayil ko tarazo bango zuwa bango, har ƙarƙashin inda masai na zama da kabad za su tsaya. Amfanin haka biyu ne: ruwa ba ya samun kafar shiga, kuma ranar da aka sake kayan ba za a ga gurbi ba. Mai son shimfiɗa kafet ko tayil na roba, sai ya manna ƙyallen leda a daɓen ya kwana. In ya ga raɓa a ƙarƙashinta, daɓen bai bushe ba.

Mataki na shida: kafa kaya

Bayan tayil ya kama, a rufe shi da kwali, a kafa masai da kwami da famfo, a rataya ƙyaure, a sa makunnin lantarki, a yi fenti na ƙarshe.

Gargaɗi ga ɗan haya

Yawancin baƙi a Ikko haya suke zaune. Kada ɗan haya ya fasa daɓe sai ya sami yardar mai gida a rubuce, an kuma faɗi wanda zai biya, da ko za a cire kuɗin daga haya. Tayil ba ya bin mutum idan ya tashi. Gyaran da zai taɓa ginshiƙi ko bangon da ke ɗauke da nauyi kuwa, sai an nemi izinin hukumomin gine-gine na Jihar Legas tukuna, domin rai ya fi dukiya.

Abin tunawa

Kafin a fara, mai gida ya tara magini da kafinta da mai famfo da mai lantarki a zama ɗaya, kowa ya san wanda yake bi. Kada a biya mai famfo cikon kuɗinsa sai an ga gwajin ruwa da ido. Masu iya magana sun ce, sauri kan haifi nawa.