NAUYIN JIKI DA SAMUN HAIHUWA: BAYANI GA MA'AURATA

Idan aure ya shekara biyu ko uku a garin Kontagora ba a ji kukan jariri a gidan ba, ba a rasa masu ba da shawara. Uwar miji tana da nata maganin, maƙwabciya tana da nata, mai tallar sassaƙe a kasuwa shi ma yana da nasa. Abin da ba safai ake tunawa da shi ba shi ne sikelin nan da ke ajiye a ɗakin awo na asibiti. Alhali kuwa likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa ƙiba mai yawa da rama mai yawa, kowace daga cikinsu tana iya jinkirta samun ciki, ga mace da namiji baki ɗaya. Haka kuma nauyin jiki yana cikin abubuwan farko da likita zai duba kafin ya yarda ya fara yi wa mace wasu irin magunguna na neman haihuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abu rashin haihuwa ne idan miji da mata sun yi wata 12 suna saduwa, ba tare da amfani da wata hanyar hana ɗaukar ciki ba, kuma ciki bai samu ba. A rahoton da ta fitar a 2023 ta ce kusan mutum ɗaya cikin kowane shida na manyan mutane a duniya yakan gamu da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa. Saboda haka ba abin kunya ba ne, kuma ba a gida ɗaya ya tsaya ba.

YADDA AKE GANE NAUYIN DA YA DACE

Ido ba ya isa ya yanke hukunci, domin abin da wani gari ke kira ƙiba wani garin cikar jiki yake ce masa. Ma'aikatan lafiya suna da lissafi guda da suke kira BMI, wanda ke gwada nauyin mutum da tsawonsa. Ana auna tsawo da mita, a ninka shi da kansa, sa'an nan a raba nauyin mutum na kilo da abin da aka samu. In amsar ta gaza 18.5, mutum ya rame. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya soma wuce kima, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce wadda likita zai ɗauke ta a matsayin ciwo.

Ga misali. Mace mai tsawon mita 1.60, idan aka ninka 1.60 da 1.60 za a sami 2.56. In nauyinta kilo 80 ne, a raba 80 da 2.56, amsa ta zama 31 da ɗan ɗoriya, watau ta shiga sahun masu ƙiba. In kilo 45 ne, amsa 17.6, ta rame ke nan. Mace mai wannan tsawo, nauyin da ya dace da ita yana tsakanin kilo 47 da kilo 64. Ana kuma auna ƙugu da awon tela, domin kitsen da ya taru a ciki ya fi na cinya da ɗuwawu illa. Ƙugun mace da ya wuce santimita 88, ko na namiji da ya wuce 102, alama ce ta haɗari.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa cikin matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49, kashi 12 cikin ɗari sun rame, kashi 28 cikin ɗari kuma nauyinsu ya wuce kima. Ƙiba ta fi yawa a birane, rama kuwa ta fi yawa a karkara. A masarauta kamar Kontagora ana samun duka biyun a ɗakin awo ɗaya: matar ɗan kasuwa daga cikin gari, da matar manomi daga ƙauyukan Mariga, Rijau ko Mashegu, suna zaune a benci guda, damuwarsu ɗaya, amma shawarar da likita zai ba su kishiyar juna ce.

ABIN DA KITSE KE YI A JIKIN MACE

Mutane da yawa suna zaton kitse ajiya ce kawai, kamar hatsi a rumbu. Ba haka ba ne. Kitse yana fitar da sinadarai da ke bin jini suna kai saƙo ga ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar ƙwai ta mace. A kowane wata, ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarni a nuna ƙwai guda a sake shi, ya bi ta bututu zuwa mahaifa. In ba a saki ƙwai ba, babu ciki, kome yawan saduwa.

Sa'ad da kitse ya yi yawa, yakan ƙara yawan sinadarin mata da ake kira istrojin a cikin jini, har ƙwaƙwalwa ta ruɗe ta daina ba da umarnin a kan lokaci. Har ila yau jikin mai ƙiba ba ya jin sinadarin insulin sosai, sai jiki ya dinga ƙara fitar da shi. Yawan insulin kuma yana sa ma'ajiyar ƙwai ta fitar da sinadarin maza fiye da kima, ƙwai ya kasa nuna. Alamar da mace za ta iya gani da kanta ita ce rikicewar haila: ta yi wata biyu ko uku ba ta gani ba, ta ɗauka ciki ne, a yi murna a gida, daga baya jini ya zo a ce ɓari ta yi. Sau da yawa babu cikin tun farko.

Akwai wani ciwo da likitoci suka daɗe suna kira PCOS, wanda wasu likitoci biyu na birnin Chicago a Amurka, Stein da Leventhal, suka bayyana a 1935. Alamunsa su ne rikicewar haila, fitowar gashi a haɓa ko ƙirji, ƙurajen fuska, wani lokaci da duhun fata a wuya. Shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke hana mace sakin ƙwai, kuma kusan mace ɗaya cikin goma tana da shi, galibinsu ba su sani ba. Siririyar mace ma tana iya samunsa, amma ƙiba tana tsananta shi ƙwarai.

Wajibi ne a yi magana a nan kan magungunan ƙiba. A garuruwa da yawa na Arewa 'yan mata da amare suna sayen ƙwayoyi da ruwan magani a kemis domin su yi jiki kafin biki, har ana yi wa irin waɗannan laƙabi da "sha ka fashe". Cikinsu akwai deksametason, wanda magani ne mai ƙarfi da aka yi domin wasu cututtuka dabam. Wadda ta daɗe tana shansa fuskarta takan kumbura, ciki ya fito, haila ta rikice, ga hawan jini da ciwon sukari. Wannan ba ƙiba ta lafiya ba ce. Wadda ta riga ta daɗe a kansa kuma kada ta yanke shi dare ɗaya, domin yin haka yana da nasa haɗarin; ta je ta gaya wa likita gaskiya, shi zai nuna mata yadda za ta rage shi sannu a hankali.

RAMA

Tun a 1974 wata masaniya ta Jami'ar Harvard, Rose Frisch, ta nuna cewa jikin mace yana bukatar wani gwargwadon kitse kafin haila ta zo daidai. An ƙara fahimtar dalili a 1994, da aka gano sinadarin leptin da kitse ke fitarwa, wanda ke shaida wa ƙwaƙwalwa ko akwai isasshiyar ajiya a jiki. In ajiya ta yi ƙasa, ƙwaƙwalwa takan tsai da sakin ƙwai, kamar yadda manomi ba ya shuka sai ƙasa ta jiƙa.

Matar da ke surfe da daka da ɗebo ruwa da aikin gona, kuma ita ce ta ƙarshen cin abinci a gida, tana iya faɗawa cikin wannan hali, musamman a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Abin mamaki shi ne maganinta yana cikin abin da ƙasar Kontagora ke nomawa: wake, gyaɗa, waken suya, ga nono da ƙwai da kifi, ga zogale da kuka. Amma rama ba ta yunwa kaɗai ba ce. Tarin fuka, tsutsar ciki, ciwon sukari da ciwon maƙoƙo duk suna ramar da mutum, don haka wadda ke ci tana ramewa sai an bincika ta a asibiti.

NAMIJI

An saba ɗora wa mace laifi, a kira ta juya, a yi mata kishiya. Amma cikin ma'auratan da ke neman haihuwa, namiji yana da hannu a matsalar a kusan rabinsu. Kitsen namiji mai teɓa yakan juya sinadarin maza ya koma na mata, ƙwayoyin maniyyi su ragu, ƙarfin saduwa ma ya ragu. Gwajin maniyyi ba shi da zafi, ba shi da tsada in an gwada shi da gwaje-gwajen da ake yi wa mace. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar fiye da wata biyu kafin ta kammala, saboda haka wanda ya gyara cin abincinsa ko ya bar taba, sai ya jira kamar wata uku kafin a sake gwaji.

ME YA SA LIKITA YAKAN CE A RAGE NAUYI TUKUNA?

Mataki na farko yana nan kusa. A Babban Asibitin Kontagora za a iya auna nauyi da jini da sukari, a ji tarihin haila. In ana bukatar ƙwararren likitan mata ko hoton bututun ƙwai, sai a tura ma'aurata gaba, kamar Minna ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida. Wadda ba ta sakin ƙwai ana ba ta ƙwayar klomifin ko letrozol. Wani gwaji da aka yi a Amurka kan mata 750 masu PCOS, aka buga a 2014, ya nuna letrozol ya fi: kashi 27.5 cikin ɗari suka haihu, a klomifin kuwa kashi 19.1. Waɗannan ba magungunan da za a saya a kemis a sha da ka ba ne.

Mataki na ƙarshe shi ne dashen ƙwai, watau a haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, a mayar mata cikin mahaifa. An haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978. A Nijeriya Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka fara aikin a Legas cikin shekarun 1980, kuma a 1998 aka haifi jaririya ta haka a asibitin Nisa Premier na Abuja a hannun Dokta Ibrahim Wada. Ga mutumin Kontagora, wannan aiki tafiya ce zuwa babban birni, da kuɗin masauki, da kuɗin asibiti da ke kaiwa miliyoyin naira a gwaji ɗaya, galibi daga aljihu.

A nan ne nauyi ke zama ƙofa. Mace mai ƙiba tana bukatar allurai masu yawa kafin ƙwai ya nuna, na'urar hoto ba ta ganin cikinta sosai, maganin barci na tiyata ya fi yi mata haɗari, kuma ɓari ya fi yawa gare ta. In cikin ya tsaya, ga barazanar sukari da hawan jini da jijjiga da haihuwa ta tiyata. Saboda haka a yankuna da yawa na Ingila asibitin gwamnati ba ya biya wa mace kuɗin dashe sai lissafinta yana tsakanin 19 da 30. A nan gida likitan da ke duba mace shi ke yanke shawara, kuma in ya ce a jira, ba wulaƙanci ba ne. Gudun kada a sayar da gona da shanu a zuba a gwajin da bai da ƙarfi yake yi.

Ragin da ake nema ba mai yawa ba ne. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yakan dawo wa mata da yawa da haila da sakin ƙwai. Ga matar nan mai kilo 80, kilo 4 zuwa 8 ke nan. Da ta sauko kilo 76 lissafinta ya koma ƙasa da 30. Hanyar kuwa sananniya ce: rage malmalar tuwo da shinkafa, ƙara ganye da wake, barin lemon kwalba da shayi mai sukari da soye-soye, da tafiya da sauri ta rabin awa a yawancin kwanakin mako, ko da a tsakar gida ne. Shayin rage ƙiba da ake talla, wanda yawanci zawo yake sawa, ruwa yake zubarwa ba kitse ba.

Amma fa jira yana da iyaka. A ƙasar Holan an gwada mata 577 masu ƙiba da ke neman haihuwa. Rabi aka sa su rage nauyi na wata shida kafin magani, rabi aka fara musu magani nan take. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka jira sun fi samun ciki ba tare da magani ba, amma a jimla ba su fi sauran samun haihuwa ba cikin shekara biyu. Ƙwan mace yana raguwa da shekaru, musamman bayan 35. Matar da ke da shekara 24 tana da lokacin rage nauyi. Mai shekara 38 ba ta da shi, kamata ya yi a haɗa mata magani da gyaran abinci tare.

Kuma ba kowane rashin haihuwa ne na nauyi ba. Wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 1985 ya gano cewa a Afirka yawancin matsalar mata daga ƙwayoyin cuta take, waɗanda ke toshe bututun ƙwai bayan ciwon sanyi, ko ɓari, ko haihuwar da ba a yi ta cikin tsabta ba. Bututun da ya toshe ba ya buɗewa don an rage kilo goma. Don haka ma'auratan da suka shekara ba ciki, ko wata shida in matar ta wuce 35, su je asibiti tare, miji da mata. Matar ta tafi da takardar da ta rubuta ranakun hailarta na watannin baya, su kuma ɗauki kwalaye da kwalaben duk magungunan da suke sha, na kemis da na gargajiya, su nuna wa likita.