Hukuncin Abin Da Aka Tsinta A Cikin A Daidaita Sahu

 

Ya ku ɗalibai, da ku iyaye da ake karanta wa wannan mujalla a gida, darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga tambayar da wani yaro ɗan aji biyar ya yi mini bayan an tashi daga karatun ranar Asabar. Ya ce yayansa ya hau A Daidaita Sahu daga Kabuga zuwa Kantin Kwari. Da mutumin da ke gefensa ya sauka, sai ya ga waya a kan kujera, ya sa a aljihu. Wayar ta yi ta ƙara har dare bai amsa ba, da gari ya waye ya cire layin. Yaron ya ce, "Malam, ai tsintuwa ba sata ba ce, ko?" Na ce masa ya yi haƙuri, amsar ba ta tsaye a bakin ƙofa ba ce, kuma ba shi kaɗai ke buƙatarta ba.

Ku yara kun buɗe ido kun tarar da wannan keke mai ƙafa uku, mu kuwa a gabanmu ya shigo. A shekarar 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo shi Kano domin ɗaukar mata, kuma ya samo sunansa daga shirin gyaran tarbiyya na wannan gwamnati. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, Allah Ya jiƙansa, aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birni, sai kowa ya koma keke. To ka ga mutum uku a matse a baya, babu wanda ya san wani. Uwa da goyo, ga leda ga jaka. Dattijo ya sa waya a aljihun gefe na riga, yana zama ta sulale. Kowa yana sauri ya sauka ya karɓi canji. Shi ya sa babin tsintuwa, wanda muke wucewa da gudu a littafi, ya zama babin da kowane ɗayanku zai iya cin karo da shi gobe da safe.

Malaman fiƙihu suna kiran tsintuwa luƙaɗa, wato dukiyar wani da aka samu a inda za ta iya salwanta, ba a san mai ita ba. Asalin hukuncinta yana cikin hadisin sahabi Zaidu ɗan Khalid Aljuhani, Allah Ya yarda da shi, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito. Abin da ya ƙunsa shi ne, wanda ya tsinci kuɗi ya kiyaye kamannin jakar da igiyar da aka ɗaure bakinta, sannan ya yi cigiya shekara guda. Haka kuma sahabi Ubayyu ɗan Ka'abu ya tsinci jaka mai dinari 100, Manzon Allah (SAW) bai ce masa rabonsa ne ba, cigiya ya umarce shi da yi.

Ka lura da abu na farko, ya kai ɗalibi: ɗaukar ma kanta tana da hukunci. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halilu, idan ka san kanka da riƙon amana kuma kana tsoron wani maha'inci ya ɗauke, wajibi ne ka ɗauka. Idan kuwa ka san zuciyarka ba za ta bar ka ka mayar ba, haramun ne ka taɓa. Wanda ya ɗauka da niyyar mayarwa amintacce ne, in abin ya ɓace a hannunsa ba da sakacinsa ba, babu biya a kansa. Wanda ya ɗauka da niyyar mallakewa, tun daga wannan lokaci lamuni ya hau wuyansa, ko da shi ma sace masa aka yi a gaba.

To yanzu mu koma kan wayar nan. Jakar dinari ba ta magana, shi ya sa aka ba mai tsintuwa shekara yana nema. Waya kuwa da bakinta take cigiyar mai ita. Yana can ya ari wayar wani yana kira, hankalinsa a tashe, kai kuma kana kallonta tana haske a tafin hannunka. Danna wuri ɗaya ya isa ya sauke maka nauyin da mutanen da suke ɗauka wata goma sha biyu. Saboda haka wanda ya ji ƙarar ya ƙi amsawa, sannan ya cire layi, ya bayyana niyyarsa da hannunsa. Ko da alƙali bai kira shi ɓarawon da ake wa haddi ba, tunda ba daga ma'ajiya ya ɗauka ba, ya ci dukiyar Musulmi ba da yardarsa ba, kuma bashi ne a kansa har ya mayar. Wannan ita ce amsar da na ce yaron ya kai wa yayansa: ya mayar da layin yau, ya jira kira.

Kuma a tuna, abin da ke cikin waya a yanzu ya fi kuɗinta. Layin nan a haɗe yake da asusun banki na mutane da yawa. Akwai lambobin abokan ciniki, akwai hotunan iyali waɗanda ba ya halatta wani ya leƙa. Na san wata tsohuwa a unguwarmu da ba ta haddace lambar ɗanta da ke aiki a Legas ba, da wayarta ta faɗi a keke sai da ta yi kwanaki ba ta ji muryarsa ba.

Yaya ake cigiya? Malamai sun ce a yi ta a inda ake zaton mai abu zai nema, a maimaita bayan kwana biyu ko uku. A ƙofar masallaci ake yi, ba a ciki ba, domin an hana cigiya a cikin masallaci. A garinmu wannan yana nufin inda ka hau da inda ka sauka, da ofishin ƙungiyar direbobi, da gidan mai unguwa, da gidajen rediyo masu karanta cigiya. A shekarar 2023 wani matashi direban A Daidaita Sahu a nan Kano ya mayar da kuɗin da suka kai kimanin naira miliyan 15 waɗanda wani ɗan kasuwa daga ƙasar Chadi ya manta a kekensa, kuma a rediyo ya ji cigiyar.

Amma kada ka faɗi kamannin abin. Wannan shi ne sirrin jaka da igiya. In ka ɗaga hannu ka ce "wa ya yar da dubu ashirin a baƙar leda?" to masu ita za su yi yawa. Ka ce dai "an tsinci wani abu a wuri kaza", wanda ya zo shi zai siffanta. In ya faɗi irin jakar da abin da ke ciki daidai, a ba shi, ba sai ya kawo shaidu ba. In waya ce abin ya fi sauƙi, ya buɗe ta a gabanka.

Ba komai ne ake wa shekara ba. Abin da ba a damuwa da shi, kamar dabino ɗaya ko guntun fensir, babu cigiya a kansa. Abincin da zai lalace kafin a samu mai shi ba a barinsa ya ruɓe. Sai dai a yi hattara da cewa "ai ɗan kaɗan ne". Kuɗin da kai ka raina, wataƙila shi ne kuɗin motar wani leburan da zai koma Rijiyar Zaki da ƙafa. Idan kuwa shekara ta cika babu wanda ya zo, Risala ta Ibnu Abi Zaid ta ba da zaɓi: ka ci gaba da ajiyewa, ko ka yi sadaka da shi, da sharaɗin in mai shi ya bayyana daga baya bai yarda da sadakar ba, za ka biya shi.

Ga wata shawara tawa ga ƙanana, wannan ba daga littafi take ba. Kada yaro ya sa kayan tsintuwa a aljihu ya yi shiru, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Garin nan mutane sun gaji da masu ƙwacen waya, in aka ga wayar wani a jikinka aka yi ihun ɓarawo, ba kowa zai tsaya ya ji bayaninka ba. Ka yi magana nan take a gaban direba da sauran fasinjoji. In ka bar wa direba, ka rubuta lambar da ke jikin kekensa a bayan littafinka, kuma ya ga kana rubutawa. In a hanya ka tsinta, ka kai wa mahaifinka ko shugaban makaranta a ranar.

Ku kuma iyaye, in yaro ya shigo gida da abin da ba ku saya masa ba, a tambaye shi. Haka wanda aka yi wa tallar waya a gefen titi da rabin kuɗinta, babu kwali babu rasit. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sayen abin da ka san na sata ne, ko zatonka ya rinjaya a kan haka, bai halatta ba. Ranar da mai shi ya gane kayansa zai karɓa, kai kuma ka je ka nemi wanda ya sayar maka, in ka gan shi. Dokar ƙasa ma tana hukunta mai karɓar kayan sata.

Aikin gida na wannan mako: kowa ya roƙi izinin mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya danna *#06# a wayarsu. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ana kiranta IMEI, ita ce shaidar wannan waya ko an canja mata layi. A rubuta ta a takarda tare da lambobin mutum uku na gida, a ajiye a inda ake ajiye takardun haihuwa. Ranar Asabar zan tambayi kowane aji wa ya yi. Wallahu a'alamu.