Yadda Ake Cin Kwasa-kwasan Digiri na Biyu a Birtaniya

Digiri na biyu a Birtaniya galibi shekara ɗaya ne tak, daga Satumba zuwa Satumba. Kiredit 180 ake so ka tara: 120 daga kwasa-kwasai, 60 daga kundin bincike. A lissafinsu kowane kiredit aikin awa goma ne, ke nan kwas mai kiredit 20 zai ci awa 200, alhali zaman aji da wuya ya kai rubu'in haka. Sauran kai da ɗakin karatu ne, babu mai bin ka da bulala.

Da farko, tun makon da ka sauka, shiga shafin kwas ɗinka a Moodle ko Blackboard ko Canvas, ka sauke littafin jagorar kowane kwas. Nan ake rubuta aikin da za a auna ka da shi, yawan kalmominsa, ranar miƙawa, har da ƙarfe nawa. Tattara ranakun a kalanda ɗaya, domin sau da yawa biyu ko uku kan haɗu a mako guda.

Sai ka san ma'auninsu. A yawancin jami'o'i 50 ne makin ci, 60 yabo, 70 kuwa zarra. Wanda ya saba kwasar 80 a gida kada 63 ta hana shi barci; karanta sharhin da malami ya rubuta a gefen aikin ya fi amfani.

Na uku shi ne inda ɗalibanmu suka fi tuntuɓe. Mun tashi da haddace abin da malam ya raba, mu mayar masa ranar jarrabawa. A can wannan ba ya kai mutum nesa. Idan an ba ka rubutu mai kalma 3,000, fara da warware tambayar, ka nemo masana biyu ko uku da suka saɓa a kanta, ka auna hujjar kowa, sannan ka faɗi inda ka tsaya da dalilinka. Ko ra'ayin malamin ne ka ga rauninsa, faɗa, muddin da hujja. Ba rashin kunya ba ne a wurinsu. Mutanen da ɗalibi ke kiran farfesa da sunan yanka ai ba musu ne zai ɓata musu rai ba. Kowane malami kuma yana da sa'o'in ganin ɗalibai a mako. Je ka da tsarin rubutunka tun kafin ka yi nisa.

Na huɗu, duk tunanin da ba naka ba ka faɗi mai shi, ko da ka sauya kalmomin. Bi salon da sashenku ya zaɓa, Harvard ko APA, ka bar manhajar Zotero ta kyauta ta riƙe maka jerin majiyoyinka. Manhajar Turnitin na gwada aikinka da intanet da ayyukan ɗaliban baya. Ba wa ɗan'uwa aikinka "ya duba" ma yana iya jefa ku biyun gaban kwamiti. Sayar wa ɗalibai rubutu kuwa ya zama laifi a dokar Ingila tun 2022. Batun ChatGPT, duba ƙa'idar kwas ɗin kafin ka taɓa.

In ciwo ko rasuwa ta faɗo, nemi ƙarin lokaci kafin ranar miƙawa, da takardar shaida a hannu. Jinkiri ba izini rage maki ne. Batun aiki kuwa, bizar ɗalibi awa 20 ta yarje maka ka yi aikin kuɗi a mako lokacin karatu, jami'a kuma tana lura da halartarka saboda ma'aikatar cikin gida.

Kundin bincike kuwa, fara tunanin maudu'insa tun zango na biyu, don ganawa da mai duba ka ƙidayayya ce. In tambayoyi za ka yi wa mutane a Kano ko Maraɗi, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince kafin ka yi wa kowa tambaya, amincewar kuma takan ɗauki makonni.