Darasi: In Kwamfuta Ta Ce Ba Ta Ga Fayil Ba

'Yan'uwa masu riƙe lissafin adashi da rabon hatsi, wani lokaci mukan buɗe fayil ta wurin rubuta sunansa a layin umarni. In sunan bai yi daidai ba, Excel ko LibreOffice Calc zai ce bai same shi ba, ba kuwa zai buɗe sabo ba. Lissafin yana nan. Mu bincika:

1. Mun rubuta sunan daidai, har da .xlsx ko .ods?
2. Muna cikin foldar da yake?
3. In akwai tazara cikin sunan, mun sa shi tsakanin alamun zance? In babu su, kwamfuta takan ɗauka fayil biyu ne.

Kada mu yi garajen fara sabon lissafi. Lissafi biyu kan jawo gardama ranar rabo.