Dutsen kuwaz na banɗaki ba ya son zafi, ba ya son asid

Mu da muke sana'ar ɗaura marmara da tayil mun lura cewa yanzu masu sababbin gidaje sun raja'a kan kuwaz wajen shimfiɗa teburin basin na banɗaki. Suna da gaskiya, domin ba ya shan ruwa, ba ya bukatar a riƙa shafa masa maganin toshe kafa kamar marmara. Sai dai akasarin kiran gyaran da nake samu, daga wajen tsabtacewa ɓarnar take fitowa.

Kuwaz ɗin da ake sayarwa falle-falle ba daga tsauni aka yanko shi haka ba. Haɗi ne na masana'anta, wanda kamfanin Breton na Italiya ya ƙirƙiro fasaharsa: kimanin kashi 90 cikin ɗari garin dutsen kuwaz, sauran kuma ƙaron roba ne da launi. Dutsen yana da tauri, da wuya wuƙa ta karce shi. Ƙaron nan da ya riƙe shi ne mai rauni, kuma shi ne zafi da sinadari suke ci.

Don haka Hajiya, kaskon turaren wuta kada ya hau kansa, haka ma na'urar miƙar da gashi. Zafin yana ƙona ƙaron ya bar zobe mai ruwan ɗorawa, kuma wannan tabo ba na sama ba ne balle a goge, ya shiga jiki. Sau da yawa sai dai a canja fallen gaba ɗaya. A sa tayil ko katako a ƙarƙashi, shi kenan.

Sai maganin wanke masai mai asid, da sodar buɗe bututu, da bilic tsantsa, da ruwan goge farce. Duk suna dusashe ƙyallinsa. A gaya wa masu aikin gida su daina wanke masai da kan tebur da ruwa ɗaya, su kuma ajiye soson ƙarfe can wajen tukwane. Sabulun ruwa na wanke-wanke, ruwa mai ɗumi da tsumma mai laushi sun wadatar. Lalle da rinin gashi kuwa, idan sun ɗiga a share nan take, musamman a kan farin kuwaz.

Masu ruwan bohol kan ga farin dabbare a gindin famfo. Gishirin ruwan ne yake bushewa a wurin. A riƙa tsane wurin da tawul bayan an gama; wanda ya riga ya daskare a kankare shi a hankali da tsohon katin ATM.

Ga abokan sana'a kuma: kada a yanka kuwaz a bushe. Ƙurarsa tana jawo cutar huhu ta silikosis, wadda ba ta warkewa, har ta sa Ostareliya ta haramta amfani da irin wannan dutse daga 1 ga Yulin 2024. A yanka da ruwa, a sa takunkumi na gaske, ba ƙyallen ɗaure hanci ba.